Topkapi ko Dolmabahce: wace fada za ka shiga in yini ɗaya ya rage maka a Santambul?

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Santambul ba kallon gari ke kai su ba. Wani sari ya je yi a unguwar Laleli, wata mahaifiyarta ta kai asibiti, wani ɗansa ya raka jami'a, wani kuwa jirgi ne ya sauke shi a kan hanyarsa ta Umara. Sai an gama abin da ya kai mutum, an ɗaure kaya an miƙa wa masu kago, sannan a duba tikiti a ga ashe saura yini guda. Daga nan sai tambaya ta taso: ina zan leƙa in ce na ga Santambul? Duk wanda ka tambaya ɗayan biyu zai ambata maka, ko fadar Topkapi ko fadar Dolmabahce. Dukansu gidajen sarakunan Daular Usmaniyya ne, ta Turkiyya nake nufi, ba tamu ta Sakkwato ba, duk da suna ya zo ɗaya. Dukansu kuma taram ɗaya ke kai ka, wato jirgin ƙasan nan na cikin gari mai lamba T1 da ya ratsa tsakiyar Laleli. Sai dai abin da za ka gani a cikinsu ya sha bamban, kuma ba mutum iri ɗaya suka dace da shi ba.

Ni dai ba zan ɓoye inda zuciyata ta karkata ba. In ƙafarka lafiya lau take, Topkapi za ka, ka ƙarasa yammarka a lambun Gulhane da ke gindinta. Amma akwai waɗanda zan ce su bar ta su nufi Dolmabahce, kuma zan zo kansu.

Topkapi ce babba a shekaru. Sultan Muhammadu Alfatih ya ci birnin a 1453, wajen 1460 kuma ya sa aka fara ginin fadar a kan wani tudu da ruwa ya rungume ta fuska uku: Tekun Marmara, mashigin Bosforus, da gulbin da Turkawa ke kira Halic. Kusan shekara 400 daga nan ake juya daular da ta taɓa miƙewa daga Hangari har Yaman, daga Aljeriya har Bagadaza. Abin da ke ba ni sha'awa shi ne a daidai wannan zamani ne Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya gina Gidan Rumfa a Kano. Gidajen biyu sa'o'in juna ne. Duk wanda ya taɓa shiga gidan sarauta a ƙasar Hausa kuwa ba zai ji baƙunta a Topkapi ba, domin ba dogon bene guda ba ce da za ka tsaya gabansa ka ɗaga kai. Ƙofa ce bayan ƙofa, fili bayan fili, kowace ƙofa tana tace mutane. Filin farko talaka ma yana shiga. Na biyu sai mai hulɗa da fada, shi ma a ƙasa, don daga ƙofar Babussalam ba mai wucewa a kan doki sai sarki. Na uku kuwa sai wanda aka kira.

A fili na biyun nan ne za ka fara jin ƙamshin mulkin. Ta hannun dama jerin ɗakunan girki ne masu dogayen bututun hayaƙi, waɗanda babban magini Sinan ya sake ginawa bayan gobarar 1574, inda ake dafa wa dubban mutane abinci kullum. Yanzu an cika su da manyan tukwane da kwanukan tangaran na ƙasar Sin, waɗanda adadinsu a taskar fadar ya haura 10,000. Akwai wasu koraye a cikinsu waɗanda mutanen wancan zamani suka yi imani cewa launinsu kan sauya in an zuba abinci mai guba, shi ya sa fada ke son su. Ta hannun hagu zauren Diwani ne, inda babban waziri ke zama da sauran wazirai da alƙalai. Ka ɗaga kai a cikinsa za ka ga wata 'yar taga mai raga a saman mazaunin waziri. Ta bayanta sarki ke zama ya saurara ba tare da an san yana nan ko ba ya nan ba, don haka kowa ke auna maganarsa kullum. A wannan filin ne kuma ake biyan sojojin Janisari albashinsu duk bayan wata uku, a jera musu abinci. In sun ruga sun ci, to lafiya. In suka tsaya ƙiƙam suka ƙi taɓawa, fada ta san akwai magana a ƙasa.

Da ka ƙetare ƙofa ta uku, Babussa'ada, ɗakin da ke gabanka shi ne inda sarki ke ganin jakadu. Ƙarami ne ƙwarai, har mutum ya yi mamaki. Akwai ɗan famfo a jikin bangonsa da ake sakewa in ana ganawa, don ƙarar ruwa ta hana na waje jin abin da ake faɗa. Ka ɗan dakata a nan, domin mu ma labarinmu ya iso wannan gida. A shekarun 1570 Mai Idris Alooma na Borno ya aiko da jakadu Santambul, Sultan Muradu na Uku ya amsa masa da wasiƙa a 1577, ana batun tsaron hanyar fatake da alhazai da kuma wata ganuwa a yankin Fezzan. Wato tun wancan lokaci akwai waɗanda suka taso daga bakin Tafkin Chadi, suka keta Sahara a kan raƙuma, suka hau teku, don su isar da saƙo fadar da kai yanzu taram ya sauke ka a ƙofarta.

Baitulmali yana cikin wannan fili na uku, nan ne kuma layi ya fi tsawo. Kowa na son ganin lu'ulu'un nan mai nauyin karat 86 da aka kewaye da ƙanana 49, da wuƙar da aka ƙawata da manyan duwatsun zumurrudu uku. Sultan Mahmudu na Ɗaya ne ya sa aka ƙera ta don ya ba Nadir Shah na Farisa kyauta, sai aka kashe Nadir Shah a 1747 'yan aike suna kan hanya, suka juyo da ita gida. Kayan kallo ne na gaske, amma in lokaci ya ƙure maka, kada ka ƙarar da shi a nan. Ka tsallaka ɗaya gefen filin, inda ake ajiye abin da Turkawa ke kira amanoni masu tsarki.

Wannan sashe shi ne dalilina na farko na fifita Topkapi, ko da babu wani dalilin. Bayan Sultan Salim na Ɗaya ya ci Masar a 1517, Sharifin Makka ya aiko masa da ɗansa da mabuɗan Ka'aba, aka kuma kwaso kayayyakin da ke hannun halifofin Abbasiyya na Alƙahira aka kawo Santambul. An ƙara da wasu daga Madina lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Mafi daraja a cikinsu shi ne mayafin da ake jingina wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ruwaya ta ce ya yafa wa mawaƙi Ka'abu ɗan Zuhairu. Ba za ka ga mayafin kansa ba, yana naɗe cikin akwatin zinariya, daga nesa ake hango akwatin. A da ma sau ɗaya a shekara ake buɗe shi, ranar 15 ga Ramadan, sarki da manyan fada su zo ziyara. Akwai tuta, da takubba, da baka, da gashin gemu a cikin 'yan kwalabe, da wasiƙar da ake cewa ita ce aka aika wa Muƙauƙisu na Masar, sai takubban da aka jingina wa halifofi huɗu da wasu sahabbai. Akwai kuma sandar da ake cewa ta Annabi Musa ce da takobin Annabi Dawuda. Jinginawar ba ƙarfinta ɗaya ba, mai ilimi ya san wannan, kuma wurin na kallo ne da tunani, ba na shafa gilashi ba. Amma tsofaffin mabuɗan Ka'aba da makullanta, da tsofaffin indararonta na zinariya, da marufin Hajarul Aswad da aka canza, waɗannan kayan aiki ne da daular ta riƙa sabuntawa tana dawo da tsofaffin gida, wasu ma da sunan sarkin da ya sa aka yi su a jiki.

Duk wannan kallo kana yin sa ne da karatun Alƙur'ani a kunnenka. Akwai alaramma a zaune a wani ɗan keɓaɓɓen wuri yana karantawa, in ya gaji wani ya karɓa, dare da rana. Ranar da na shiga da ƙanen mahaifina, dattijo ne da ya yi aikin Hajji tun ana kwana a tanti na yadi, mun wuce takubban bai ce uffan ba. Da muka zo gaban indararon sai ya tsaya cak, ya dafa sandarsa da hannu biyu. Mutane na turowa ta baya, na ce, "Baffa, mu ɗan matsa gaba." Bai ko waigo ba, ya ce, "Bar ni tukuna, yaro. Ruwan saman Makka fa ya bi ta cikin wannan." Sai da mai gadi ya yi mana alama da hannu sannan ya ɗaga ƙafa. Dolmabahce da duk zinariyarta ba ta da ɗaki irin wannan.

Sai cikin gida, wanda suke kira Haram. Ɗakuna ne ɗaruruwa, lungu cikin lungu, bangaye lulluɓe da tayil ɗin garin Iznik mai shuɗi da ja da kore, irin wanda ido ba ya gajiya da shi. Mai faɗa a ji a nan ita ce mahaifiyar sarki, Walida Sultan, kwatankwacin Mai Babban Ɗaki a Kano, kuma ɗakunanta ne a tsakiya, tsakanin ɓangaren sarki da na ƙwaraƙwarai da kuyangi. Ɗakin Muradu na Uku, wanda Sinan ya gina a 1578, yana cikin mafiya kyau a duk fadar. Amma kada kyan tayil ya rufe maka ido. Farfajiyar farko da za ka ratsa ta babanni ce baƙaƙen fata, yara da aka kamo daga Habasha da ƙasashen Sudan aka dandaƙe aka sayar. Wasu sun kai matsayi mai girma. Shugabansu shi ke kula da wakafin Makka da Madina, kuma Alhaji Bashir Aga, Bahabashe da ya riƙe muƙamin daga 1717 har rasuwarsa a 1746, ya bar masallaci da ke tsaye har yau kusa da Gulhane. Duk da haka in ka leƙa 'yan ƙananan ɗakunansu masu duhu, a matsayinka na ɗan Afirka sai jikinka ya yi sanyi. A gidan nan ne kuma Muhammadu na Uku ya sa aka kashe 'yan'uwansa maza 19 da ya hau gado a 1595. Daga baya aka daina kisan aka koma tsare 'ya'yan sarki a wani sashe da ake kira keji. Topkapi ba ta ɓoye wannan ba, yana nan a ginin, kuma ni a wurina wannan ma yana cikin darajarta.

Fili na huɗu wurin hutawa ne. Lambu ne da ƙananan soraye a warwatse, mafi shahara shi ne Soron Bagadaza da Muradu na Huɗu ya gina a 1639 bayan ya ƙwato birnin. Kusa da shi akwai wata 'yar rumfa mai rufin ruwan zinariya da Sultan Ibrahim ya yi a 1640, inda yake buɗa baki da azumi yana kallon Halic. Ka tsaya a gefenta ka ga jiragen ruwa na kai da komo tsakanin Turai da Asiya.

Yanzu ga wahalarta, don kada ka ce ban faɗa maka ba. Topkapi tafiya ce. Ƙasan daɓen duwatsu ne marasa daidaito, akwai hawa da gangara, kuma rabin yinin a waje za ka yi shi, ko rana ta doke ka ko ruwa da iskar teku. Kowane sashe mai farin jini da layinsa. In kana son ka ga abin kirki, ka ware awa huɗu, ba ƙasa da haka ba. Sannan wanda ya zo da tunanin zai ga gadaje da kujeru na alfarma zai iya fita yana cewa ɗakunan wayam suke, domin sarakunan wancan zamani a kan shimfiɗu da matasai suke zama dab da ƙasa, adon yana jikin bango da rufi da ƙofofi. Ranar Talata kuma a rufe take.

Daga filin farko akwai hanyar da ta gangara ta gaban gidan tarihin kayan tono, ta sauke ka cikin Gulhane. Sunan na nufin gidan wardi. Asalinsa lambun waje ne na fadar, sai a 1912 aka buɗe wa jama'a, kuma har yau shiga kyauta ne. Dogayen bishiyoyi ne da suka haɗe kai a sama, zalɓe na sheƙa a ƙololuwarsu, ƙananan aku kore na ta kuka, ga benci ko'ina. In a watan Afrilu ka zo, za ka tarar an shimfiɗe ƙasa da furen da suke kira lale, launi-launi. Ka sayi zagayayyen burodin nan mai riɗi, simit, ka nemi benci ka miƙe ƙafa. A jikin ganuwar lambun, inda bargar dawakin sarki take a da, akwai gidan tarihin kimiyya da fasahar Musulunci da aka buɗe a 2008 bisa aikin Farfesa Fuat Sezgin, wanda kabarinsa ke nan kusa. Kayan ciki kwaikwayo ne da aka ƙera daga bayanin tsofaffin littattafai: na'urorin auna taurari, agogon ruwa, kayan tiyata, taswirori. Mai ɗa ɗan makaranta ya shiga da shi.

A wannan lambun ne labarin Dolmabahce ya faro. Ranar 3 ga Nuwamba 1839, Mustafa Rashid Pasha ya tsaya a Gulhane ya karanta sanarwar sauye-sauyen da aka sani da Tanzimat, da sunan Sultan Abdulmajid, saurayi ɗan shekara 16 da bai daɗe da hawa gado ba. Daula ta ga Turai ta yi mata nisa a soja da kuɗi da masana'antu, ta ƙudura sai ta kamo ta. Shekara huɗu bayan haka, a 1843, wannan sarkin ya sa aka fara gina sabuwar fada a bakin Bosforus, a wani wuri da asalinsa ruwa ne aka cike aka yi lambu, wanda shi ne ma'anar sunan Dolmabahce. Magina Armeniyawa ne, Garabet Balyan da ɗansa Nigogos. A 1856 sarki ya tare, aka bar Topkapi ga tsofaffin bayi da amanoni.

Ba zan rage mata komai ba, Dolmabahce tana ɗauke numfashi. Farin gini ne miƙe a bakin ruwa, gaɓarsa ta kai mita 600, ɗakuna 285, zauruka sama da 40, ɗakunan wanka 6. Tun daga ƙofa za a ba ka leda ka sa a kan takalmi saboda darduma da daɓen katako. Duk abin da Topkapi ba ta nuna maka ba, nan yana nan a inda masu shi suka bar shi: kujeru, labule, madubai, agogo, dardumar masaƙar Hereke, fatun dabbar beyar da sarkin Rasha ya aiko, rufi shafe da ruwan zinariya. Akwai matakalar da aka yi sandunan dogarinta da gilashin kiristal na Baccarat, in haske ya sauko ta rufin sai ka ga kamar ƙanƙara ce ke riƙe da katakon. A ƙarshen zagayen sai a fito da kai babban zauren gaisuwar Sallah. Ƙubbarsa mita 36 ce daga ƙasa, ginshiƙai 56, a tsakiya kuma fitila ce ta kiristal mai nauyin tan huɗu da rabi tana reto. An daɗe ana cewa kyautar Sarauniya Biktoriya ce ta Ingila, sai daga baya aka samo takardar da ta nuna saye aka yi aka biya. Ranar Sallah daga Topkapi ake ɗauko karagar zinariya a kafa a nan, manyan daula su zo gaisuwa ɗaya bayan ɗaya. A wannan zaure ne kuma aka yi bikin buɗe majalisar dokokin daular ta farko a 1877.

Abin da ke damuna da ita shi ne lokacin da aka gina ta. Ana ƙiyasta ta ci lira miliyan 5 na zinariya. Ana tsakiyar ginin aka shiga Yaƙin Kirimiya, a 1854 daular ta ci bashin waje karo na farko daga masu kuɗin Ingila da Faransa. Ba fadar kaɗai ta jawo ba, yaƙi ne kan gaba, amma an ci gaba da rance ana gina wasu fadojin a bakin ruwan nan. A 1875 gwamnati ta kasa biya. A 1881 aka kafa hukumar bashi da wakilan masu bin kuɗi na Turai ke jagoranta, suna karɓar harajin gishiri da taba da siliki kai tsaye. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Don haka in na tsaya ƙarƙashin fitilar nan, kyanta na kama ni, amma ina ganin gidan da aka yi don baƙo ya yaba, alhali aljihun mai gida ya fara yagewa. Ɗan Najeriya ko ɗan Nijar ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan.

Nauyin tarihinta na ƙarshen zance ne. An soke sarautar a 1922. Ranar 3 ga Maris 1924 majalisar Ankara ta soke halifanci, a daren aka fitar da halifa na ƙarshe, Abdulmajid na Biyu, daga wannan gida aka sa shi a jirgin ƙasa zuwa Turai. A Faris ya rasu a 1944, daga baya aka kai shi Madina aka binne. Mustafa Kamal Ataturk, shugaban ƙasar Turkiyya na farko, wanda ya jagoranci sokewar, shi ma a wannan gida ya cika, ranar 10 ga Nuwamba 1938 da ƙarfe 9:05 na safe. Ɗakin yana ɓangaren cikin gida, gadon lulluɓe da tutar Turkiyya, agogon ɗakin a tsaye a kan wannan lokaci. Za ka ga Turkawa sun yi tsit a ƙofarsa, wasu na share hawaye. Ko me kake ji game da mutumin, ka girmama masu gida ka wuce a natse.

Ta fuskar lambu kam ba a haɗa su. Na Dolmabahce tsararre ne, furanni a jere, tafki da maɓuɓɓuga a tsakiya, ga hasumiyar agogo da Sultan Abdulhamid na Biyu ya gina a shekarun 1890, ga ƙofofin ƙarfe farare da ke buɗewa kai tsaye kan ruwa. Nan ne kowa ke ɗaukar hoto, musamman da yake an hana ɗauka a cikin ginin. Wuri ne na tsayawa minti ashirin, ba na shimfiɗa tabarma ba. Mai son inuwa ta sosai a wannan ɓangaren sai ya ƙara gaba ya hau tudu zuwa lambun Yildiz, inda Abdulhamid ya ƙaura ya yi yawancin mulkinsa.

To su wa nake cewa su zaɓi Dolmabahce? Na farko wanda ya zo da tsoho ko mara lafiya da ba zai jure doguwar tafiya a kan duwatsu ba. Akwai matakala a ciki, amma hanya ɗaya ce a shimfiɗe ƙarƙashin rufi, cikin awa biyu an gama. Haka wanda ya zo da hunturu, tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ruwa da iska ke hana tsayuwa a fili. Haka wanda jirginsa na yamma ne, safiya kaɗai gare shi. Sai kuma mai sana'ar da ta shafi gini da adon ɗaki, ko hajiyar da ke sarin labule da kayan gado, domin abin da za ta gani a nan na haɗa launi da yadi da katako zai yi mata amfani a shago. In kuwa Talata ce ranar da ta rage maka, zance ya ƙare, Dolmabahce ce a buɗe. In Litinin ce, ita ce a rufe, sai Topkapi.

Wasu kan ce za su haɗa biyun a yini ɗaya tunda taram ɗaya ne. Yana yiwuwa, amma taura biyu ba ta taunuwa. Kuɗin shiga na baƙi ba kaɗan ba ne a kowacce, yana kuma hawa kusan duk shekara, don haka ka duba farashin ranar kafin ka fito, ka kuma tabbatar tikitinka ya haɗa da cikin gida. Wanda ya biya biyu ya yi su a guje, zai koma masauki da ciwon ƙafa da hotuna, bai tsaya gaban komai ba. Batun salla bai zama matsala a ko'ina ba. Dolmabahce na da masallacinta a bakin ruwa, wanda mahaifiyar Abdulmajid ta fara ginawa ɗanta ya ƙarasa. Topkapi kuwa masallacin Ayasofiya na bakin ƙofarta, Masallacin Sultan Ahmad na fuskantar Ayasofiya, abin da ke ƙara mata maki, don da fita ɗaya ka haɗa wurare uku.

In ka bi shawarata, ga yadda za ka yi. Ka sa takalmi mai taushi, ka karya da wuri, ka hau T1 daga Laleli wanda ya nufi Kabatash, tasha ta uku ka sauka, Sultanahmet. Ka zagaya ta bayan Ayasofiya, za ka ga wata kyakkyawar rumfar shan ruwa da Ahmadu na Uku ya gina a 1728, babbar ƙofar fadar na bayanta. Ka kasance a wurin kafin ƙarfe 9, a buɗe da kai. Kada ka tsaya ɗakunan girki tukuna, ka miƙe kai tsaye zuwa ɗakin amanoni kafin motocin 'yan yawon buɗe ido su sauke mutanensu, sannan baitulmali, sannan cikin gida, ka dawo wa sauran a hankali. In ka fito ka yi Azahar a Ayasofiya, ka gangara Gulhane. Tashar taram tana bakin ƙofar lambun, tasha huɗu ce ta mayar da kai Laleli.